Ƙusar Khairunnisa

Ni Mainasara Maƙeri, duk Zango ba wanda bai san ƙarar masabata ba. Yunwar saba'in da uku ta same ni ta bar ni. Sanƙarau ya ɗauki ƙannena ya tsallake ni. Mota ta kife da mu a hanyar Kongolam, ni na jawo direban ta taga. Ban taɓa zama a aji ba, amma jikata Khairunnisa, 'yar marigayi ɗana Dabo, tana karatun digirin dakta a jami'ar Uppsala, can ƙasar Suwidin.

Ta ce makarantar ta haura shekara ɗari biyar, kuma ba kowa suke ɗauka ba, sai an tace mutum an sake tacewa. Na ce Daura ta girme ta, kuma jinina ba ya tsoron rariya. Bincikenta a kan gero ne, irin da ke jure fari.

Ranar wata Juma'a ta kira a wayar uwarta.

"Tsoho, na gama rubuta littafin. Saura a kafa shi."

"A kafa shi ina, amarya?"

"A bango. Al'adarsu ce. Kafin malamai su yi maka tambayoyi a gaban jama'a, sai ka huda littafinka ka buga shi da ƙusa, kowa ya zo ya karanta ya nemo kuskurenka."

"Wace ƙusa?"

"Ta kanti mana."

Na ce jikar maƙeri ba za ta kafa aikinta da ƙusar kanti ba ina raye. Ta yi dariya, ta ce, "Da wane hannun, angon ƙarfe?" Ta san tun da hawan jini ya buge ni, hannuna na dama rawa yake yi.

Mijinta Muktar zai bi ta a ƙarshen wata, shi zai kai mata ƙusar. Na sa aka buɗe maƙerar da ta daɗe a rufe, na ɗauko guntun hauyar Dabo. Ita kaɗai ta rage min a cikin kayansa, kuma abin da tsatsa ta bari bai wuce ƙusa ɗaya ba. Ƙaramin ɗana Sha'aban, mai walda, ya ce, "Baba, bari in yanko rodi da inji." Na ce ya ja zuga-zugi ya yi shiru.

Ƙarfe ya yi ja. Na ɗora shi a kan uwar maƙera, na ɗaga masaba. Dukan farko ya sauka a gefe. A na gaba masabar ta suɓuce ta faɗi cikin toka. Na duba ƙarfen, bakinsa ya fara tsagewa. In na sake kuskurewa, Dabo ba zai je bangon nan ba.

Sha'aban bai ɗago kai ba, Allah ya yi masa albarka.

Na tura masa masabar da ƙafa, na kama awartaki da hagu. Na ce, "Inda na juya, nan za ka buga. Kada ka yi min dukan 'yan walda." Ina juyawa yana bugawa, har ƙusar ta fito, baƙa, mai kusurwa huɗu, da ɗan lanƙwasa a wuya inda na fara ɓatawa.

Ranar kafawa uwarta ta riƙe min waya. Na ga wani dogon ɗaki, littattafai rataye a jikin katako, Turawa tsaye. Khairunnisa ta zura ƙusar a hudar littafin ta ɗaga guduma. Riƙon bai yi min ba.

Da ta gama ta matso da fuskarta, idonta ya kawo ruwa.

"Tsoho, ta ɗan karkace."

"Ta shiga?"

"Ta shiga har wuya."

"To bar ta haka. Hauyar ubanki ce."

Mutanen gari suna tambaya ko ni na ƙera ƙusar. Ina ce musu ni na riƙe ta a wuta, kuma a gidanmu mai riƙo shi ne maƙeri.