Taku Huɗu Baya

Sau huɗu ke nan tana danna maɓallin, sau huɗu allon kwamfutar na ba ta amsa iri guda: ɗaya. Anti Rula ta cire tabarau, ta goge da gefen mayafi, ta mayar. Tambayar jarrabawar ba wata uwar wuya ba ce a ido. An ba su dogon layin rubutu, aka ce kowa ya tsara wa kwamfuta umarnin da za ta bi layin harafi bayan harafi, ta faɗi sau nawa "a" ta fito. Ita ta ƙirga da yatsa, goma sha ɗaya ne cif. Amma na'urar ta kafe a kan ɗaya kamar jakin da ya ga ruwa.

Shekara ashirin da huɗu tana buga takardu a ofishin nan, tun zamanin keken rubutu mai ƙararrawa. Wata rular ƙarfe ce ta jawo mata sunan, don ba takardar da ke fita daga teburinta sai ta aza rular a gefen hagu ta ga layuka sun miƙe sak. Wata uku da suka wuce shugaban ofis ya kira su, ita da Auta, abokiyar aikinta, ya ce za a rufe sashensu. Kujera ɗaya ta rage a sashen bayanai. Za a tura su kwas, wadda ta ci jarrabawa ta zauna, in kuwa duk sun ci, wadda ta fi daɗewa ce. Abin takaicin, ita ta buga sanarwar da hannunta, ko ɗigo bai kauce ba.

Tsoro take ji, ba ta ɓoye wa kanta ba. Maigidanta na kwance tun da ƙafa ta ƙi shi, kuma wa zai ɗauki mace mai furfura sabon aiki?

Malamin kwas, wani siririn mutum da ba ya dariya sai an tashi, yana zagaye tsakanin tebura. Tun da safe ya faɗa musu, ya kuma rubuta a jikin bango: duk wanda ya yi wa wani magana, an soke jarrabawarsa. Yanzu ya dubi agogo ya ce saura minti biyar.

Da dabarar kwas ta ƙare mata, sai ta koma ga wadda ta sani. Ta zaro rular daga jaka, ta kanga a jikin allon, ta fara karatu daga ƙasa zuwa sama, yadda take farautar kuskure a wasiƙa. A layin farko da ta duba ta tsaya. Layin ƙarshe ne, mai ce wa na'ura ta miƙa amsa. Ta jera shi daidai da na samansa da aka tura ciki, gefe ya yi kyau abin sha'awa. To amma malam ya sha faɗa cewa a wannan aikin, layin da aka tura ciki yana cikin zagayen ƙirga ne. Ashe na'urar na duba harafin farko, sai ta tarar da umarnin miƙa amsa, ta miƙa, ta naɗe hannu. Ba taurin kai take ba, abin da aka ce mata take yi.

Anti Rula ta ja layin taku huɗu baya. Gefen ya karkace har ya sosa mata ido. Ta danna. Goma sha ɗaya.

Ta sauke numfashi, ta yi hamdala a zuci. Sai idonta ya faɗa kan allon teburin kusa.

Auta na zaune ta dafe goshi. Shekara tara da suka wuce ta zo ofishin ba ta san inda haruffa suke ba, Anti Rula ta koya mata komai. Sau nawa ta ƙwanƙwasa mata rular nan a bayan hannu saboda layi ya kauce? Bayan rasuwar mijin Auta ma, bara, da ta dawo aiki ido a kumbure ta bar yara biyu wurin maƙwabta, takardunta a miƙe suka fita. Ga layukanta nan yau a allo, a jere sak, har da na ƙarshen. A ƙasa kuma, ɗaya.

Ta kawar da kai. In ta yi shiru na minti biyu, kujera tata ce, ba wanda ta cuta. Ta tuna maigidanta. Ta sake duban layukan nan, ta ga ba hannun Auta ba ne ya jera su, nata ne.

"Auta," ta ce, ba ta ko rage murya ba. "Layin ƙarshe. Ja shi baya taku huɗu."

Auta ta ɗago a firgice. "Anti, zai karkace."

"Bar shi ya karkace."

Malamin ya tako a hankali har teburinta, takardar sunaye a hannunsa. Ya dubi allonta ya daɗe, sannan ya dube ta.

"Anti, ai naki ya fita daidai."

"Na gani, malam."

Sai ya cire murfin biro ya ja layi a kan sunanta. A gefe ta ji an danna maɓalli, ta ji Auta ta ja numfashi mai haɗe da kuka. Ba ta waiwaya ba. Ta rataya jaka, ta tura kujerar ƙarƙashin tebur har ta yi daidai da sauran, ta nufi ƙofa.

"Anti, kin manta rularki," in ji malamin.

"Ban manta ba."