Tashar Jirgi a Gonar Attahir

A wani ƙauye gabas da Ollelewa akwai tashar jirgin ƙasa, amma duk wanda ya ce maka jirgi ya taɓa zuwa, ƙarya yake. Wasu 'yan kamfani ne suka zo da fararen motoci, suka jera turaku, suka gina ɗaki guda da rumfar kwano, suka ce layin dogo na nan tafe. Filin kuwa gonar Attahir ce, wadda duk garin babu mai ba da gero kamarta. Da hannu biyu ya miƙa ta, don sun ɗora masa hula mai baki sun ce shi ne sarkin tasha. Tun daga ranar, ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa.

Kamfani ya tafi ko waiwaye babu. Attahir ya zauna gadin turaku. Kowa ya kawo iri kusa ya kore shi, har matarsa Raishatu da ta so yafa kuɓewa bayan rumfa.

"Malam, jirgin nan kuɓewa yake ci?" in ji ta.

"Ke ba ki san aikin hukuma ba."

Makiyaya kuwa suka ga hanya miƙaƙƙiya babu shuka, suka gode Allah. Kowace damina ta nan shanu da raƙuma ke bi su yi arewa. Attahir bai hana ba. A ganinsa kofato ba ya ɓata layi, sungumi ne mai ɓatawa.

Sai da rumbunsa ya shekara da shekaru yana ƙarewa tun kafin bazara, iska ta yaye kwanon rumfa, sannan ya ajiye hula, ya saɓi sungumi zai shuka gonarsa. Makiyaya suka kai ƙara wurin maigari, suka ce ai nan burtali ne.

Maigari ya ce, "Attahir, a shekarun nan an taɓa noma wurin?"

Tsohon girman kan sarkin tasha ya motsa. Attahir ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ina raye? Ko ƙwaya ɗaya ban bari ta faɗi ba. A tambayi kowa."

"Dabbobi fa?"

"Suna wucewa, da izinina."

"To, ka yanke shari'ar da bakinka. Ƙasar da ba a nomawa, dabba na bi kowa na gani, burtali ce."

Abin ya yi masa ciwo har ƙashi. Daminar nan ƙodago ya yi a gonar ƙanen Raishatu, yaron da aka yi wa suna a gabansa, ana auna masa gero da tiya in ya tashi aiki.