Ranar da Tela Ya Ɗauki Bokiti

Shekara huɗu Tela ya yi a gidan yari, ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya. Shi ke ɗinke wa 'yan ɗakinsu yagaggun riguna, su arba'in a ɗakin mutum goma sha biyu. Saura wata uku a sake shi, ya karya wa Dogo, maƙwabcin tabarmarsa, muƙamuƙi da bokitin ƙarfe.

Aka kai shi gaban likitar ƙwaƙwalwa, wata dattijuwa mai zuwa sau ɗaya a mako.

"Me ya yi maka?" ta tambaye shi.

"Tsokana ce kawai, Likita."

Ya dubi ankwar hannunsa, sannan ya ba ta labarin. Ranar ziyara ce, aka kira sunaye babu nasa. Yayarsa kaɗai ke zuwa ganinsa, ita ma wata biyar ba ta leƙo ba. Sai Dogo ya ce, "Tela, ko dai ka ɗinke mata ƙafafu ne?" Ɗaki ya kwashe da dariya.

Tela ya ce, "Na san wasa ne, kullum muna yi. Amma hawaye suka zo min, kuma nan ba ƙofar da za ka rufe. In suka ga kukanka yau, gobe bargonka ma ba naka ba ne. Wallahi ban san na ɗauki bokitin ba."

"A gida in ranka ya ɓaci, me kake yi?"

"Fita nake, in yi ta tafiya har in huce. Nan kuwa taku shida, sai bango."

Likita ta rubuta cewa cunkoso da kunya da fushin da ya daɗe yana haɗiyewa ne suka fashe lokaci guda. Ta roƙi kada a keɓe shi, a nemo yayarsa. Shugaban gidan ya karanta a tsaye, ya ce in ya sassauta wa ɗaya, gobe kowa ma zai ɗauki makami.

Kotu ta ƙara wa Tela shekara biyu. Ya yi wata guda a ɗakin kaɗaici, ya fito ba ya amsa gaisuwa. Mako biyu bayan haka ya ciji gandiroba a hannu.

Likita ta leƙa Dogo a asibitin gidan, haɓarsa ɗaure da waya. Da ƙyar ya ce, "Ki gaya masa ban riƙe shi ba, bakina ne ya ja."

Ta je neman Tela, aka ce mata tun shekaranjiya an mayar da shi wani gidan yarin.