Malam Fannami Zai Je Intabiyu

Malam Fannami ya shekara ashirin da shida yana gyaran injin ban ruwa a fadamun Hadejia, amma bai taɓa zama a gaban wani ana yi masa tambayoyi kafin a ba shi aiki ba. Manoma ne ke zuwa har gida su ɗauke shi a babur. Bana ambaliya ta cinye shinkafar mutane, aiki ya ja baya. Da ya ji wani kamfanin noman rani a hanyar Kirikasamma na neman shugaban masu kula da injina, sai ya kai sunansa, aka ce ya zo intabiyu ran Laraba.

'Yarsa 'Yar'azumi, wadda ta gama karatun malanta, ta ce ita za ta shirya shi. Ran Litinin bayan la'asar suka zauna a tsakar gida, ta buɗe wayarta inda ta tara tambayoyin da aka saba yi.

Ta ce ya gabatar da kansa. Ya faro daga kakansa da ya taso daga Borno, sai da ta tsayar da shi tana dariya, ta ce minti biyu kawai za a ba shi. Da ta tambayi abin da ya fi ƙwarewa a kai, ya ce shi bai iya zama yana yabon kansa a gaban baƙi ba. Ta ce to ya faɗi abin da hannunsa ya yi kawai, kamar yadda yake gane ciwon inji daga ƙararsa. Wannan ya yarda. Tambayar inda yake ganin kansa nan da shekara biyar kuwa, ya ce sai Allah.

Sannan ta karanto: wane kuskure ka taɓa yi a wurin aiki?

Sai ya ba ta labarin da ba ta taɓa ji ba. Tana jaririya a goye a lokacin, wata ƙungiyar manoma a Auyo ta damƙa masa injinta. An ce ya janye shi daga bakin kogi kafin ruwa ya taso, ya ce sai ya dawo daga kasuwar Jahun. Kafin ya dawo ruwa ya shanye injin. Mutum goma sha ɗaya ba su yi noman rani ba a shekarar.

'Yar'azumi ta ajiye wayar. "Baba, ko za ka nemi wani ƙarami ka faɗa musu? Wannan ya yi nauyi."

"Uwata," ya ce, "duk abin da na sani game da kogin nan, daga ranar na fara koyonsa. In na cire shi, me zan faɗa?"

Ba ta ƙara ja ba.

Ran Laraba mutum uku ya tarar, har da wata injiniya mai suna Hafsat. Ita ta yi masa tambayar kuskuren, ya faɗa kamar yadda ya faru. Ta tambayi yadda yake yi yanzu. Ya ce da damina ta kankama yakan kafa sanda a bakin ruwa ya riƙa dubawa safe da yamma, yana kuma kiran masuntan da ke can saman kogin ya ji ko ruwa na tasowa. Ta rubuta.

Bayan kwana goma aka kira shi. Shugabancin an ba wani mai difloma, shi kuma an ba shi kula da injinan bakin kogi a ƙarƙashinsa. Ya wuni abin na cin sa, don wanda zai shugabance shi sa'an 'yarsa ne. Washegari ya ce wa 'Yar'azumi ta rubuta musu ya karɓa, ya shiga ɗaki ya fara haɗa sifanoninsa a jaka.