Launi Takwas a Zare Ɗaya

Mai Tsani yana durƙushe a ɗakin na'urorin asibitin, ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, yana jiran 'yarsa ta ba shi umarni daga ɗaya ginin.

Shi ya ja zaren gilashin da ke kai saƙo da haske tsakanin gine-ginen biyu, tun yarinyar tana rarrafe. Da aiki ya yi wa zaren yawa, hotunan ƙashi suka riƙa maƙalewa a hanya, likitoci na ta tsaki, sai ya ba da shawara a haƙa rami a ƙara wasu. Ƙanin matarsa, injiniya, ya zo ya yi dariya. Ya ce ba sai an taɓa ƙasa ba. Akwati biyu za a sa, ɗaya nan ɗaya can, haske launi takwas ya bi zaren nan guda, kowane sashe da launinsa, in sun isa a raba su. Hukumar asibitin ta ba shi aikin. Shi kuma ya ɗauki 'yar Mai Tsani gwaji, ya ce in ta haɗa da hannunta abin ya tashi, ta samu aiki.

Tun daga ranar gidan ya cika da Kawu. Kawu ya ce, Kawu ya nuna mini. Ko ƙwan fitila ne ya mutu Kawu za ta kira, ga ubanta zaune da filaya a aljihu.

"Baba, kana ji na? Sa ƙarfen mai shuɗin mariƙi a rami na uku na akwatin."

Kafin ya amsa, muryar injiniyan ta kutso. "Yaya, ka dai sa tabarau! Kar tsufa ya sa ka ba mu kore."

Aka bushe da dariya. Har da ita.

Mai Tsani ya dubi 'yan ƙarafan da ke tafin hannunsa, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. In ya sa koren, hasken ba zai tarar da ɗan'uwansa a can ba. Can kuwa shugaban asibitin yana tsaye a kansu. A zuciyarsa ya hango injiniyan yana share gumi, ana tambayar ina mutumin nan da ya ce a haƙa rami. Ya ɗauki koren, ya kai shi bakin ramin.

Sai ya ji ƙas, ƙas, ƙas a cikin wayar. Biro 'yarsa take dannawa, kamar yadda take yi duk safiyar jarrabawa tun tana firamare.

"Baba?" ta ce ƙasa-ƙasa.

Ya ajiye koren. Ya goge kan zaren, ya cusa shuɗin har ya ce ƙwas.

"Duba yanzu, uwata."

Ihun murnar da ya biyo baya sai da ya sa ya janye wayar daga kunne.

Ya saɓa tsaninsa ya tsallaka. Ya tarar ana ta yi wa injiniyan barka, ana girgiza masa hannu kamar shi ya ƙera hasken. Yarinyar ta rugo, fuska duk fara'a, ya buɗe baki zai yi magana, sai ta danƙa masa wayarta.

"Baba, ɗauke mu hoto ni da Kawu."

Suka tsaya gaban akwatin, injiniyan ya gyara kwala.

"Yaya, ka iya kuwa?"

"Na iya," in ji Mai Tsani.

Ya ɗaga wayar, ya daidaita fuskar 'yarsa a tsakiya, ya karkata a hankali har zaren da ya ja ya shigo ta gefe. Kunnen injiniyan kaɗai ya rage a ciki. Sannan ya danna.