Hitar da Ba Ta Tafasa Ruwa

Likita ta yi wa Uwaisu bayani a taƙaice: zuciyar matarsa Mashkura ta yi rauni tun haihuwar fari, kuma in aka sake yi mata wankan jego da tafasasshen ruwa har kwana arba'in, ba ta da tabbacin zuciyar za ta ɗauka. Ruwa mai ɗumi kawai. Saura wata ɗaya ta haihu.

Matsalar ita ce Gwaggo Ma'u, ƙanwar mahaifinsa. Duk macen da ta haihu a danginsu na Wurno, ita ke yi mata wanka, kuma ba ta yarda da ruwan da hannu zai iya shiga ba. Uwaisu ya san ba zai tsaya a kanta safe da yamma ba. Shagonsa na maganin gona a Goronyo yake. Sai ya yanke shawarar ya sa hitar gas mai ɗumama ruwa a gidan, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce.

A Sakkwato wani mai shago, Lauwali, ya nuna masa iri biyu. Ɗaya babba ce mai tanki, tana tara ruwa ta riƙe zafinsa. Ɗayar ƙarama ce da ake maƙalawa a bango, ruwa na ratsa ta yana ɗumama, batir biyu ke kunna ta.

"Babbar nan za ka ɗauka, Alhaji," in ji Lauwali. "Ruwanta ko kaza ka tsoma sai ta hige."

"Wacce ce ba ta iya tafasa ruwa ko an mirɗa ta har ƙarshe?"

Lauwali ya dube shi. "Mi? Kowa mai ƙarhi shika biɗa, kai raggo kaka so?"

"Raggon nake so."

Lauwali ya yi dariya, ya sauko da ƙaramar. Ya ce sai da tanki a sama, don in ruwa bai zo da ƙarfi ba ba za ta kama ba. Kuma a waje za a kafa ta inda iska ke wucewa, ba cikin makewayi ba, tukunyar gas ɗin ma a waje. Uwaisu yana da tanki a kan rijiyar gidan. Ya sayi ƙaramar, aka kafa ta a bangon makewayi ta waje.

Mashkura ta haifi namiji ranar Talata. Laraba da hantsi Gwaggo ta iso da ganyen darbejiya, ta tsaya gaban akwatin da ke bango. Uwaisu ya buɗe famfo, na'urar ta yi ƙara kaɗan, wuta shuɗiya ta kama. Gwaggo ta mirɗa makunnin har ya tsaya, ta tara hannu, ta daɗe.

"Wanga ruwan alwala ne," ta ce.

"Likita ta ce haka za a yi, Gwaggo."

"Likitar ta taɓa haihuwa? Ni da ruwan da ka ƙona hwata anka yi min, sau tara, ga ni tsaye. Ka tahi can nesa ka yi karatu, ka dawo za ka bar ɗiyar mutane ɗanya."

"Bara waccan da kika yi mata, ƙafafunta sun kumbura wata uku."

Gwaggo ta juya masa baya. Ta fita tsakar gida, ta ɗora katuwar tukunya a murhu, ta hura wuta. Uwaisu ya tsaya yana kallo. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai kuma san yadda ake farawa ba.

Mashkura ce ta yi magana daga ƙofar ɗaki, tana dafe da bango.

"Gwaggo, ba ni shiga ruwan nan. Wancan karon in na kwanta numfashi ba ya zuwa, ban dai faɗa miki ba."

Gwaggo ta juyo ta dube ta, daga fuska har ƙafa.

"Don mi ba ki hwaɗi ba?"

"Kunya."

Tsohuwar ta tura itace cikin murhu da ƙafa. Can ta ce, a hankali, "In maƙwabta ba su ga hayaƙi ba, cewa za su yi Ma'u ta tsuhwa, ta bar mai jego ba wanka."

"To a bar wutar," in ji Uwaisu. "Ruwan a wanke zannuwan jariri da shi."

Gwaggo ta harare shi. Ta ɗauki bokiti, ta nufi bangon.

"Zo ka kunna min raggon naka, ka ba mu wuri."

Ya kunna, ya koma zaure. Da suka fito daga makewayi Mashkura tana tafiya da kanta, numfashinta daidai. Ya jira har ta zauna, sannan ya tayar da babur ya kama hanyar Goronyo.