Rigar Alƙali da Ƙofar Inna

Ranar da mai gidan da suke haya ya cire ƙofar ɗakinsu, Mai Guga yana shago yana fama da wuyan wata farar riga. Da ya dawo sai ya tarar da Inna zaune a bakin gado, ta haɗa hannuwa a cinya kamar mai jiran a ɗauke ta hoto, duk wanda ya gifta ta baranda sai ya leƙo ya gaishe ta.

"Inna, ina ƙofa?"

"Ta tafi."

"Ina?"

"Oho. Ba ta yi min sallama ba, ɗan nan."

Ɗakin a ƙasa yake, yana kallon titi, shi ya sa mai gida ya ƙwallafa rai a kansa, wai shagon waya zai yi. Shi ya sa kuma Mai Guga ba zai iya barinsa ba, don gwiwoyin Inna sun daɗe da yin hannun riga da matakala. Haya bai taɓa tsallake wata ba. Amma mai gida ya zo da hujjar da ya kwana yana sassaƙawa.

"Ɗakin da ba ƙofa ba ɗaki ba ne, lungu ne," in ji shi. "Lungu kuwa ba a ba da shi haya. To kai ɗan hayar mene ne? Na ma kai maganar kotu, sai mu haɗu can."

Mai Guga ya buɗe baki, ya rufe. Ciwonsa ke nan tun da ya zo ƙasar nan. A shago yana iya musu da Dogo mai injin wanki har ruwa ya huce, amma da zarar ya tsaya gaban mai teburi ko mai kaki, sai harshensa ya naɗe kamar hankici. Ya rataya zanin gado a gurbin ƙofar. Makullin kuwa ya bar shi a aljihu, lokaci-lokaci ya shafa shi, kamar mai ta'aziyya.

Dogo ne ya ba shi labari. "Akwai lauya a zauren unguwa ran Laraba. Kyauta, saboda irinmu."

"Lauya kyauta? Banza ba ta kai zomo kasuwa."

"Kai dai je ka. In bai kai kasuwa ba, ai ya kai bakin titi."

Shi Mai Guga yana da aƙida guda da ba ya sassautawa a kanta: mutum rigarsa ne. Nuna masa wuyan rigarka ya faɗa maka ko kai wane ne. Makon da ya wuce an kawo wata baƙar riga shagon, doguwa, mai faɗin hannuwa, irin ta alƙalai. Sai da ya wanke hannu kafin ya taɓa ta. Ya yi mata karin da shi kaɗai ke yi a garin, layi biyu 'yan tagwaye daga kafaɗa har wuyan hannu, sannan ya rataye ta nesa da wandunan talakawa.

Ran Laraba aka tashi da yayyafi. Ya ɗauki lema ya nufi zauren. A ƙarƙashin matakala ya ga wata budurwa zaune gaban ƙaramin teburi mai naɗewa, da burodi a hannu, da tarin takardu. Fuskarta, ya Rabbi, irin wadda ke sa mutum ya manta dutsen guga a kan rigar mutane. Amma rigarta! Ta yamutse kamar an kwana ana dambe a cikinta, ga ɗigon tawada a aljihu. Zuciyarsa ta ce tsaya, sana'arsa ta ce wuce.

"'Yar'uwa, sannu da aiki. Ina ake ganin lauya?"

Bakinta cike yake da burodi. Ta ɗaga yatsa alamar ya dakata ta haɗiye. Daidai nan ya ji bugun guduma daga babban ɗaki, da wata murya mai kauri tana cewa, "Kotu ta zauna!"

"Na gode, na ji su," in ji shi. Ya miƙa mata lemar. "Riƙe min wannan, don Allah, kar ta jiƙa musu wuri."

Yana tura ƙofa ya gan ta. Baƙar rigar, a jikin wani dattijo mai furfura a kan dandamali, ga layi biyu 'yan tagwaye suna gangarowa daga kafaɗa. Karinsa ne, ko a cikin duhu zai gane shi. Hawaye suka cika masa ido. Ashe rigar ta san hanya, ta riga shi zuwa ta jira shi.

Abin da bai sani ba shi ne, duk Laraba tsofaffin unguwar suna aron ɗakin su yi gwajin wasan kwaikwayo. Wasan na bana a kan satar aku ne, kuma wanda zai fito a mai ƙara ya yi alkawarin turo ɗan'uwansa a madadinsa, don shi ciwon haƙori ya kwantar da shi.

Wata tsohuwa mai tabarau a tsakiyar kai, wadda suke kira Darakta, ta taso masa. "Kai ne mai ƙara?"

"Ni ne, Baba."

"Ka makara! Hau can. Kuma ka ɗaga murya, na baya ma mutane ne."

Alƙali ya gyara zama. "Mai ƙara, yaushe ka fara lura akunka ya ɓata?"

"Ranka ya daɗe, ba aku ba ne. Ƙofa ce."

Alƙali ya dubi Darakta. Darakta ta dafe ƙirji. Shekara da shekaru tana roƙon tsofaffin nan su saki jiki su ƙirƙiro wani abu daga ransu, yau ga Allah ya kawo mata. "Ci gaba!" ta yi tsawa. "Kada wanda ya tsaya!"

"To, ƙofa," in ji alƙali. "Wanda ake ƙara, tashi."

Wani ɗan tsamurmurin tsoho ya miƙe, hularsa ta fi kansa girma. Mai Guga ya ƙare masa kallo. Wannan ba mai gidansa ba ne, ko kusa. Amma ya yi tunani: kotun kyauta ce, ƙila har mai gida suke ba mutum.

Ya dubi karin rigar, sai ya ji harshensa ya warware. Wa ke jin tsoron rigar da shi ya goge? Magana ta ɓalle masa kamar famfon da aka daɗe da ɗauke wa ruwa. Ya faɗi yadda ya ɗauko Inna daga ƙasarsu da alkawarin ɗaki mai ƙofa, don can inda suka baro, ƙofa ce farkon abin da aka ɓalla musu. Ya faɗi yadda iska ke ɗaga zanin gado ta shigo ba sallama, yadda Inna ke canza kaya a bayan kwaba, yadda kyanwar maƙwabta ta mai da gadonsu wurin hutu. Ya fito da makullin ya ɗaga shi sama.

"Ranka ya daɗe, wannan maraya ne. Kullum da safe hannuna yakan kai shi inda ya saba, sai ya soki iska."

Darakta tana sharar hawaye da gefen mayafi. Tsamurmurin tsohon ya fashe da kuka. "Ni na ɗauke ta! Ni ne! Da akun duka!"

Alƙali ya buga guduma. "A mayar da ƙofa kafin faɗuwar rana. Shi kuma ɗaurin rai da rai." Wannan na ƙarshen a rubuce yake cikin wasan, bai ga dalilin asararsa ba.

Ɗaki ya ɗauki tafi. Mai Guga ya rusuna, yana mamakin ƙasar da ake yi wa shari'a tafi, ya fice da gudu ta ƙofar baya, ko lemarsa bai tuna ba.

Ya sami mai gida a bakin gida yana awon tagar ɗakin. Ya tsaya ƙyam ya karanta masa hukunci, har da ɗaurin, ko da yake ya ce shi a ransa ya yafe wannan ɓangaren. Mai gida ya yi fari fat.

"Wace kotu?"

"Ta zauren unguwa."

"Alƙalin mai furfura, da tabo a nan?" Ya nuna haɓa. Mai Guga ya gyaɗa kai. Mai gida ya yi dariya har ma'aunin ya faɗi daga hannunsa. "Alƙalinka shi ke gyara min agogo! Kai, baƙunta ba ta yi ba. Inna, kin ji ɗanki ya ci shari'a a wasan kwaikwayo!"

Daga bayan zanin gado Inna ta ce, "Na ji. Ai ƙofar da ba ta nan ba ta hana ji."

Ya koma zauren ruwa na dukansa, kunya na dukansa fiye da ruwan. A babban ɗaki ya tarar da alƙali daga shi sai singileti yana ninke rigar, kuma ninkin ma ba daidai ba. Ya juyo zai fita, sai ga budurwar nan a gabansa, riƙe da lemarsa.

"Malam, ajiyarka."

"Na gode. Ashe babu lauya a gidan nan."

"Akwai. Tun safe take riƙe da lema."

Ya dubi fuskarta, ya dubi rigarta, ya rasa wadda zai gaskata.

"Na biyo ka in faɗa maka," in ji Lauya, "sai na ji ka fara. A bakin ƙofa na tsaya har ka gama. Ni kullum roƙon mutane nake su faɗa min rabin abin da ka faɗa, sai su ce 'ba komai, an gode Allah.' Zauna. Cire ƙofa don a kori ɗan haya laifinsa ne, ba naka ba. Zan tsaya maka. Amma alƙali zai so ya ji daga bakinka."

"Bakina ba ya aiki a gaban hukuma."

"Ɗazu ya yi."

"Ɗazu rigar ce."

Tsofaffin sun kewaye su suna saurare. Darakta ta sauko da tabaraunta kan hanci, ta dubi mai gyaran agogo, shi ma ya dube ta.

Ranar shari'a, kotun ba ta kai girman shagon wanki ba. Babu dandamali, babu guduma. Alƙaliyar wata mata ce mai mura, sanye da suwaita wadda ba ta taɓa haɗuwa da dutsen guga ba. Mai gida ya tashi ya zuba bayaninsa na lungu, har da zane a takarda. Lauya ta yi nata, a taƙaice, ta ajiye hotunan zanin gado. Sannan alƙaliya ta share hanci ta ce, "Ɗan haya, faɗa min da bakinka. Me ya faru?"

Mai Guga ya miƙe. Harshe ya naɗe. Ya ji makullin a aljihu, ya ga Inna a zuci tana hawa matakalar wani gida da rarrafe, amma ko "a" ta ƙi fita. Mai gida ya fara murmushi.

Sai aka ji motsi a bencin baya. Tsofaffin ne, sun jeru kamar 'yan makaranta. Mai gyaran agogo ya zaro baƙar rigar daga leda, ya zura a hankali, ya miƙe zaune, ya baza hannuwa. Jiya da yamma Mai Guga ya sake goge ta, bai tambayi dalili ba. Layi biyu 'yan tagwaye suna sheƙi.

"Ci gaba!" in ji Darakta, da raɗar da ta isa titi.

Ya juya wa alƙaliya baya, ya fuskanci rigar, ya fara. Alƙaliya ta buɗe baki za ta gyara masa tsayuwa, Lauya ta haɗa hannuwa alamar roƙo, sai ta ƙyale shi. Ta saurari shari'ar gaba ɗaya daga ƙeyarsa. Da ya zo kan makulli maraya, ta jawo hankici, kuma ba don mura ba.

"Ni na ɗauke ta!" Tsamurmurin tsohon ya zabura daga baya. "Ni ne!"

"Wane ne wannan kuma?"

"Ranki ya daɗe, ɗan kallo ne," in ji Lauya da sauri. "Yana da saurin tausayi."

Hukunci ya fito ba ado: ɗan haya yana nan a ɗakinsa, ƙofa ta koma inda aka ciro ta, yau. Tsofaffi suka ɓarke da tafi, ma'aikacin kotu ya kora su waje su duka, alƙalinsu a gaba yana jan riga.

Da la'asar kafinta ya mayar da ƙofar, mai gida na tsaye yana kallon sama kamar ba da shi ake ba. Inna ta karɓi makullin. Ta rufe, ta buɗe, ta rufe, ta murɗa. Mai Guga da Lauya suka tsaya a baranda suna jira.

"Inna, buɗe mana."

"Wane ne?"

"Ni ne, Inna."

"A ƙwanƙwasa. Gidan nan da ƙofa."

Ya ƙwanƙwasa. Ta ce tana zuwa, amma ba ta yi gaggawa ba. Ya saci kallon Lauya, zuciyarsa na bugu kamar injin Dogo in ya zo matse kaya.

"Na san ba kya karɓar komai," in ji shi, idonsa a kan wuyan rigarta. "Amma wannan rigar, don girman Allah. Tun ranar lema take hana ni barci."

Lauya ta dubi rigar kamar yau ta fara ganinta, ta yi dariya. "Ina da irinta cike da kwando."

"A kawo kwandon," in ji Inna daga ciki, makulli na juyawa. "Da mai kwandon."